Yaran da Muka Ɓoye a Gidan Lalla

Garin Na Allah, ƙasar Mayahi
Watan Afrilu, 1985

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata, Yakubu, a garin Faraku, can kudu bayan iyaka.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda muka yi idin tashinsa daga matattu kwanan baya, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Hajara da ƙananan yara. Ina roƙon Allah ya ƙarfafa kafaɗunka, ya tsare bayanka daga ciwon dako, ya ba ka farin jini a wurin waɗanda kake yi wa aiki, ya kuma dawo mana da kai a cikin shekarar da za mu tarbe ka da sabon hatsi. Mu nan gida duka muna lafiya lau, babu abin da ke damunmu sai kewarku.

Ka sani wannan takarda ni na rubuta ta da hannuna, tun daga kanta har ƙarshenta. A da sai na je na zauna gaban wani in faɗa ya rubuta, in rage abin da ba na so ya ji. Yanzu kuwa, albarkacin karatun manya da na yi a ƙarƙashin gawon bakin lakwal, wato makarantar boko, Allah ya ba ni ikon riƙe alƙalami, har mutanen gari suka ga ya dace su ɗora ni shugabancin ƙungiyar uwayen yara. Na san kai ba ka samu wannan dama ba tukuna, saboda haka ina gaida ɗan'uwan da zai karanta maka, ina kuma roƙonsa ya karanta duka, kada ya tsallake wani wuri domin ya rufa mini asiri. Rufin asiri ne ya kai ni inda za ka ji.

Labarin gida shi ne Inna tana nan da ƙarfinta gwargwadon shekarunta, sai dai gwiwa. Duk lokacin da ta ji kukan babbar mota daga nesa sai ta ce a leƙa ko kai ne. Saniyar nan mai farin goshi ba ta kai ƙarshen sanyi ba, mun yanka ta kafin ta faɗi da kanta. Rijiyar gabas ta ƙafe, ta yamma kuwa sai mata sun zauna suna jiran ruwa ya taru a gindinta. Rumbu ba sai na ba ka labarinsa ba, kai ka share namu da hannunka kafin ka tafi. Tun da aka rufe iyakar Nijeriya garin rogo ya yi wuyar gani, yawancin gidaje anza ta daji suke ci, a jiƙa ta a zubar da ruwa, a sake jiƙawa, har ɗacinta ya ragu. Gidaje da yawa sun toshe ƙofa da ƙaya sun yi kudu. A sujada ranar idi ba mu cika tabarmi biyu ba, amma mun yi waƙa, maƙwabtanmu Musulmi kuma sun zo sun yi mana barka kamar kowace shekara.

Sai labarin lakwal, wanda shi ne ka fi son ji. Zango na biyu ya ƙare. Mushe Ƙadri, wato Malam Ƙadri direktan lakwal ɗinmu, shi kaɗai ya rage, domin an ɗauke mataimakinsa, saboda haka manya da ƙanana duka a ɗaki ɗaya yake tara su. Iska ta yaye zanar ɗayan ɗakin, samarin gari suka mai da ita. Lambun da gwamnati ta ce kowace lakwal ta yi, yara sun yi masa wahala ƙwarai, tumatir har ya fara fure, sai ruwa ya gagara. An daina wasan ƙwallo da tsere, domin Mushe ya lura duk yaron da ya yi gudu da hantsi ba ya iya ɗaga kai bayan azahar. An yi kompozisiyo, wato jarrabawar ƙarshen zango, kuma ina sanar da kai cewa ɗiyarka Alheri, wadda ka bar mini amana, ita ta zo ta ɗaya, ta wuce maza duka. Mushe ya ce in ta ci gaba haka, baɗi za ta ɗauki sertifika, wato takardar gama firamare, kuma ba ya shakkar za ta shiga kwalejin Mayahi, abin da ɗiya mace ba ta taɓa yi ba a garin nan.

Na tuna saƙon da ka aiko ta bakin Mamudu direba. Ka ce ka ji ana ba wasu lakwal abin da suke kira kantin, wato tukunyar da gwamnati ke dafa wa yara da rana. Ka ce in tamu ta samu, Alheri ta zauna, in kuwa ba ta samu ba, in sa ta a motar Mamudu ta zo wurin uwarta, gara ta bar karatu ta taya Hajara talla da ta zauna da yunwa. Na amsa maka a lokacin cewa ka kwantar da hankalinka, tun da ni ne shugaba, zan san yadda zan yi. To, ga yadda na yi.

Ana gab da ba da hutu sai ga gardi, wato dogarin gwamnati, da saƙo daga Mayahi, cewa ansipekta, wato babban mai duba lakwal, zai zo bikin rufe zango tare da wata ma'aikaciyar lafiya, su ga halin da yara ke ciki. Mushe Ƙadri ya kira mu, ni da mai gari Sale da dattawa, ya gaya mana zuwan nan maganar kantin ce, hatsin da ke hannunsu ba zai ishi kowace lakwal ba, sai sun zaɓa. Ya ce shawararsa ɗaya ce, kada a taɓa komai, a bar yara yadda suke, a bar gari yadda yake. Ni ne na tashi na ƙi. Ina so ka fahimci dalilina, ba don in wanke kaina ba. Na ce mu ba mu taɓa tarbar baƙo da hannu wofi ba tun kakanninmu, balle baƙon gwamnati. Na ce wannan mulki na soja ba ya son ƙazanta da raki, kowa ya ji yadda aka tsawata wa wani gari a bainar jama'a domin sun tarbi manya da koke-koke. Na ce a rediyo kullum ana faɗa cewa wanda ya nuna himma shi ake taimaka wa, saboda haka in muka nuna lakwal mai tsabta da yara masu ladabi, za a ga mun cancanci tukunya. Da Mushe ya sake magana sai na ce masa shi yaro ne, ko aure bai yi ba, ya san littafi amma bai san yadda ake karɓar mutane ba. Dattawa suka yi dariya. Mai gari ya ce tun da shugaban uwaye mai karatu ne, a bi maganarsa.

Daga nan gari ya tashi da aiki kamar za a yi naɗi. Aka share fili, aka shafa farar ƙasa a duwatsun gindin tuta. Mai gari ya ba da ragonsa na ƙarshe. Da aka zo maganar fura, babu hatsi a gidan kowa sai iri, wanda kowa ya toshe a tulu da toka yana jiran ruwan farko. Na ce kowane gida ya kawo ɗan abin da ya samu, na kuma fara da namu domin in zama abin koyi. Maiɗakina Lidiya ta tsaya a bakin ɗaki ta ƙi ba ni hanya. Ta tambaye ni, in baƙon ya sha irin nan, shi ne zai zo ya tsira a gonarmu? Ta ce tun da na iya rubutu kunnena ya toshe, dā ina jin magana, yanzu sai dai in yi jawabi. Na ce mata wannan al'amarin hukuma ne, ba na mata ba. Ta matsa, amma ta ce in tuna ta faɗa.

Abin da ya fi nauyi shi ne na safiyar bikin. Uwaye suka wanke yara da ɗan ruwan da aka tara, aka shafe su da man gyaɗa har suna ƙyalli, aka sa musu kwalli, aka fito da kayan idi daga ƙasan akwati, wanda ba shi da riga aka aro masa. Suka yi layi a gaban tuta, ni kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa, kamar mai zaɓen dabba a kasuwa. Akwai waɗanda mai ba ya iya rufe halinsu: masu jan gashi, masu kumburin ciki, masu tsagaggen baki, da waɗanda riga ke rataye a jikinsu kamar an shanya ta a kan dangi. Na ce waɗannan a fitar da su daga layi, a kai su gidan tsohuwa Lalla, matar marigayi maƙeri, domin gidanta ne a ƙarshen gari kuma danganta dogo ne, su zauna can har baƙi su tafi.

Yakubu, ɗiyarka tana cikinsu. Wannan ne abin da ban taɓa aiko maka ba. Tun tsakiyar sanyi gashinta ya fara ja, wuyanta ya fito, kuma dundumi ya kama ta, da rana ta faɗi sai ta riƙa laluben bango. Ba ta taɓa kai kuka ba, ka san ɗiyar riƙo ba ta cewa ba ta ƙoshi ba, ni kuma ban tambaya ba. Ran nan Lidiya ta yi mata kitso ta ɗaura mata kallabinta na aure domin ya rufe gashin. Ita ce Mushe ya zaɓa ta yi resitasiyo a gaban baƙi, wato karatun Faransanci da ka, kuma zango guda tana haddace shi, a bakin turmi, a hanyar rijiya, har ni da ban san ma'anarsa ba na riƙe farkonsa. Na tsaya a gabanta, na dubi damtsenta da ya yi kamar karan dawa, na ce a raina in baƙi suka ga wannan, kuma aka ce musu daga gidan shugaban uwaye ta fito, ina zan sa fuskata? Sai na ce ita ma ta bi su. Ta kwance kallabin ta miƙa wa Lidiya, ta bi bayan sauran.

Baƙi suka iso da hantsi. Yara suka ɗaga tuta, suka yi taken ƙasa, wani yaro ɗan mai gari ya yi resitasiyon a madadinta, ya kakare a tsakiya. Sannan na tashi cikin babbar rigata na karanta jawabin da na rubuta da kaina, wanda na yi kwanaki ina gyara shi. Na ce garinmu yana godiya, fari ya taɓa mu kamar kowa amma ba mu da kuka, yaranmu suna cikin lafiya da himma albarkacin shugabanni. Ma'aikaciyar lafiyar, sunanta Madam Saudatu, ta bi layi da wani ɗan zare mai launi tana auna damtsen yara. Da ta gama ta leƙa ɗakin karatu ta ga kujeru sun fi yaran yawa, sai ta tambaya ko su ke nan duka. Na ce sauran sun bi uwayensu cin rani. Ta juya ta dubi Mushe Ƙadri. Ya sunkuyar da kai, domin ko da ya fi ni sani, tarbiyyarsa ba ta bar shi ya ƙaryata dattijo a gaban baƙi ba. Da aka zo raba kyauta aka kira sunan Alheri Yakubu da ƙarfi, fili ya yi tsit. Na fito na ce ciwon kai ya kwantar da ita, na karɓi kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, a madadinta, aka tafa mini.

Suka ci nama, suka sha fura. Sannan ansipekta ya tashi ya yi magana da Faransanci, fuskarsa a sake, yana nuna yara, yana nuna ni. Muka ga alamar yabo, muka tafa tun kafin a fassara, ni ne ma na fi kowa tafi. Mushe ya fara mai da maganar Hausa. Ya ce mai girma ansipekta ya ce ya zaga garuruwa da yawa a wannan rani, bai ga inda Allah ya rufa wa asiri kamar nan ba, garin da har yanzu ake yanka rago, ake dama fura da hatsi, yara kuma jikinsu na ƙyalli. Ya ce ya ji daɗi da aka sauƙaƙa masa zaɓi, tukunyar da ya yi niyyar kawowa nan zai tura ta arewa, wajen Issawane, inda yara ke faɗuwa a cikin aji. Wasu daga baya da ba su ji da kyau ba suka ci gaba da tafi. Ni hannuwana suka tsaya a sama, na rasa yadda zan sauke su. Da na buɗe baki a lokacin, da wataƙila an gyara. Amma baƙo yana tsaye yana yaba mini a gaban gari duka, sai na ji bakina yana cewa mun gode, Allah ya kiyaye hanya.

Ƙurar mota ba ta gama kwantawa ba sai ga Lalla da sandarta, yaran nan suna biye da ita. Ta tsaya a tsakiyar fili ta ce ina shugaba mai alƙalami, ga kayansa da ya ba ta ajiya, ya ƙirga ko sun cika. Ta ce ita ta binne miji da 'ya'ya, ta ga yunwa iri-iri, amma ba ta taɓa ganin garin da ya shafa wa yunwa mai ya sa mata kwalli ba sai yau. Ta ce yaran suna jin ƙanshin nama ta kan danga, babu wanda ya yi kuka, domin an gaya musu shugaba ya ce a yi shiru. Ta kuma gaya mini, a gaban kowa, cewa da aka kira sunan Alheri sun ji sarai, yarinyar ta miƙe tsaye ta amsa, sannan ta yi resitasiyonta tun daga farko har ƙarshe, ba mai saurare sai Lalla da akuyarta da yaran da aka ɓoye. Da muka koma gida na miƙa wa Alheri kayenta da bik. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya mata, ta ce ta gode. Sai ta ce, Baba, tana da tambaya in ba laifi. Ta tambaye ni ko ita abin kunya ce.

Kwanakin da suka biyo baya ban iya zama a majalisa ba. Ba wanda ya zage ni, wannan ma ya fi zafi, sai dai in na wuce a gaishe ni da shugaba, a ja kalmar. Mai gari ya ce laifin na kowa ne tun da kowa ya yarda, amma shi bai yi jawabi ba, kuma ba shi ya bi layi yana fitar da yara ba. Na je na sami Mushe Ƙadri a ɗakinsa na ba shi haƙuri, ni da na girme shi nesa. Ya ce haƙuri ba ya cika tukunya, in da gaske nake, akwai hanya ɗaya, amma ba mai daɗi ba ce. Ranar kasuwar Mayahi muka ɗaura amalanken jaki da asuba, muka ɗora yaran nan yadda suke, ba mai, ba kwalli, ba rigar aro. Lidiya ta ɗauko mini babbar riga, na ce ta mai da ita, na sa taguwar gona. Ta dube ni ta ce yau ta ga mijinta, kwana biyu wani malami ne ke kwana a gidan.

A ƙofar ofishin ansipekta gardi ya tare mu ya tambaya ko ƙara muka kawo wa gwamnati. Na ce ƙara na kawo, amma ta kaina. Muka zauna a inuwar bango har rana ta take. Madam Saudatu ce ta fara fitowa, ta gane ni, ta dubi yaran, ba ta gaishe ni ba. Ta ciro zaren nan ta durƙusa tana aunawa, duk wanda ta auna sai ta yi tsaki a hankali. Da ta zo kan Alheri ta tambayi sunanta, sai ta ce ashe ke ce mai ciwon kai. Yarinyar ta dube ni, ta ga na sunkuya, sai ta ce ita kanta bai taɓa ciwo ba. Mushe ya gaya wa Madam ita ce ya kamata ta yi resitasiyo ran biki, sai Madam ta ce to ta biya mata bashin resitasiyonta. Ta yi shi a zaune, domin tsayuwa na sa ta jiri, ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Tana cikin yi ansipekta ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Da ta gama ba wanda ya tafa.

Ya kira ni ciki, ya yi mini magana da Hausa domin in ji da kyau. Ya ce na san abin da ake yi wa wanda ya yi wa hukuma ƙarya a wannan zamani? Na ce na sani, kuma na zo da shirin kwana. Ya ce kulle ni ba zai ƙara wa yaro ko loma ba. Ya ce ya riga ya rubuta wa na sama da shi cewa garinmu lafiya yake, yanzu sai ya sake rubutawa ya ce an rufe masa ido da rago da ƙwaryar fura. Ya ce buhunan sun riga sun tafi arewa, kuma yaran can wasu ko tsayuwa ba sa yi, ko ina so ya je ya ƙwace daga bakinsu? Na ce Allah ya kiyaye. Sannan ya ce zai rubuta zuwa Maradi a sa mu a cikin motocin da ke tafe daga kudu, amma bai yi mini alkawari ba. Ya kafa sharaɗi biyu. Zai dawo ba tare da sanarwa ba, kuma in ya tarar da ko dutse ɗaya da aka shafa wa farar ƙasa zai juya. Sannan dole ya tarar da yaran a aji, domin ba a ɗora tukunya a lakwal da ta watse. Madam kuma ta ba su wani ɗan maganin ido mai mai a ciki, ta ba mu garin madara na waɗanda suka fi jin jiki. Alheri ta fara gani da magariba, jiya ma ita ta shigo da kaji.

Da ya ce motocin da ke tafe daga kudu, kai na tuna. Mamudu ya gaya mana aikinka shi ne sauke buhunan taimako daga jirgin ƙasa kana ɗora wa manyan motoci masu zuwa Nijar. Wato kai kana can kana ɗaga hatsin nan da kafaɗarka kana turo shi wajen ɗiyarka, ya yi tafiyar kwanaki har ya iso ƙofar garinmu, ni yayanka na tsaya cikin babbar riga na ce masa mun gode, ba mu da kuka. Wannan tunani ne yake hana ni cin abinci ko da ya samu.

Yanzu ga roƙona, kuma na san ba ni da bakin yinsa. Bisa ga maganarka, tukunya ba ta samu ba, ya kamata in sa Alheri a motar Mamudu. Ban sa ta ba, ina jiran amsarka. Uwaye da yawa suna kallon gidanmu, in ta ɗaya a aji ta tafi, kuma daga gidan shugaba, sauran za su kwashe nasu, ansipekta ya zo ya tarar da kujeru. Na tambaye ta ra'ayinta, abin da ban taɓa yi wa yaro ba. Ta ce tana kewar innarta ƙwarai, amma tana so ta zauna, in dai ba za a sake kai ta gidan Lalla ba. Abin da zan iya gaya maka shi ne an sauya tsarin gidan nan. A da akushina ake fara cikawa, abin da ya rage a ba yara. Yanzu yara ke fara ci, ina zaune ina kallo har Alheri ta ce ta ƙoshi, in sake tambayarta, sannan a kawo mini ragowa. Inna ta ce ba ta taɓa ganin maigida yana jiran ragowar yara ba, na ce ta gani yanzu. Ka ba ni zuwa saukar ruwan farko. In har lokacin tukunya ba ta zo ba, ko na ga jikinta ya ƙara ja baya ko da kaɗan, ba zan jira Mamudu ba, ni da kaina zan kawo maka ita har Faraku in tsaya a gabanka ka faɗa mini abin da ka ga dama. In kuwa ka ce a'a, ta taho yanzu, ɗiyarka ce, ranar da saƙonka ya iso ranar za ta hau mota, ba zan ƙara kalma ba.

Game da shugabanci, na ce a ba wani. Lalla ta ce ba inda za ni, yanzu ne ma na dace, tun da duk garin ba wanda ya san hanyar zuwa ofis da kunya a ka kamar ni. Dattawa suka yarda da ita.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa ɗaure ƙugu kafin ka ɗaga kaya. Lidiya tana gaida Hajara da kyau, ta ce a gaya mata kitson ɗiyarta yana hannunta. Ka gaida mini su Abraham ƙarami da 'yar autarku, ka gaida Na Allah ɗan kawu in har yanzu kuna ɗaki ɗaya, da Shatu matarsa, da dukan 'yan'uwa na ikilisiyar da ta karɓe ku. Mai gari Sale da Mushe Ƙadri suna gaisuwa. Alheri ta durƙusa tana gaida ubanta da innarta.

Kafin in rufe na koma na karanta abin da na rubuta tun daga sama, sai na ga a farko na ce muna lafiya lau, babu abin da ke damunmu. Hannuna ne ya rubuta kafin in yi tunani, kamar yadda bakina ya yi a gaban baƙi. Na ɗauki alƙalami zan soke, sai na fasa, na bar shi domin ka ga yadda abin yake kama mutum. Gaskiyar ita ce ba mu lafiya, muna jin yunwa, ɗiyarka ta rame, amma tana raye, tana gani, kuma ita ce ta ɗaya. Daga yau duk wanda ya zo daga gida ka tambaye shi Alheri ya ce maka lafiya lau, ko da ni ne, kada ka karɓa. Ka sake tambaya.

Allah ya sada mu cikin salama.

Ni ne yayanka mai jiran amsarka,
Zakariya